Suna Linzami: Nazarin Sunayen Kayan Nok a Gidan Tarihi na Ƙasa, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da Bahaushe kan kira siffofin Nok da su idan ya ziyarci Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. An yi amfani da ziyarar gani da ido da kuma sakamakon haƙe-haƙen masana, sannan aka kwatanta da kayan Rumawa na birnin Pompeii. Nazarin ya nuna cewa kalmar "gunki" tana yanke hukuncin da binciken kufai bai yanke ba, don haka aka kawo shawarar sunan da ya tsaya ga abin da ido ya gani.

1.0 Gabatarwa

Gidan Tarihi na Ƙasa na Kaduna yana kan titin Ali Akilu, a arewacin kogin Kaduna. An buɗe shi a shekarar 1975, a ginin da a da ya kasance hedikwatar jam'iyyar NPC, kuma yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979. Daga cikin abubuwan da ke jan hankalin mai ziyara akwai siffofin Nok: kawuna da sassan jiki na gasasshen yumɓu, masu idanu kamar kusurwa uku, da huda a ƙwayar ido da hanci da baki, ga kitso iri-iri da duwatsun ado. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Sai dai a nan gani kaɗai ba ya wadatarwa, domin da zarar mai ziyara ya buɗe baki ya ce "ga gumaka", ya riga ya fassara abin kafin ya nazarce shi.

2.0 Abin da Aka Tabbatar Game da Nok

Sunan Nok na wani ƙauye ne na al'ummar Ham a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, inda masu haƙar kuza suka tono siffa ta farko a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai daga yankin Jama'a, ya lura da kamanninsa da na farkon, ya kuma laƙaba wa al'adar sunan ƙauyen. Ke nan sunan ma na aro ne.

Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin jagorancin Peter Breunig, suka yi haƙa mai tsari tare da hukumar gidajen tarihin Nijeriya. Bincikensu ya kai farkon al'adar zuwa wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, siffofin kuwa suka bayyana daga wajen 900 kafin Miladiyya. Mutanen manoma ne na gero da wake, kuma daga baya sun narka tama, kamar yadda matoyan Taruga suka nuna. Wani nazari da aka buga a 2021 ya gano kakin zuma a jikin tukwanensu. Siffofin kuwa kusan duk a farfashe aka same su cikin ramuka, wasu kusa da jeren duwatsu da tukwane da duwatsun wuya da ake kyautata zaton kaburbura ne. Daga nan masanan suka yi hasashen alaƙarsu da al'adun binne mamata. Hasashe ne, domin mutanen Nok ba su bar rubutu ba, tsamin ƙasar yankin kuma ya cinye ƙasusuwa.

3.0 Darasi daga Pompeii

A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne Pompeii a ƙasar Italiya, aka fara haƙe ta a 1748. Mai ziyarar gidan tarihin Naples, inda aka taskace yawancin kayan, zai ga ƙananan siffofin tagulla da aka kira allolin gida ba tare da jayayya ba. Hujjar ita ce an same su a ɗan wurin bauta na cikin gida, ga zanen hadaya a bango, ga kuma rubuce-rubucen Latin da suka ambaci sunayensu. Toka ta adana kaya a mazauninsu, har da gurasa a cikin tanderu.

Kayan Nok ba su samu wannan gata ba. Na farko ruwa ya kwashe su ya zube cikin ƙasar kuza. Daga baya ɓarayin kufai suka tone wurare masu yawa domin kasuwannin Turai, har ta kai a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. Siffar da aka raba da raminta ta rasa babban mai shaidarta, saura sai sunan da mai kallo ya ba ta.

4.0 Kalmomin Hausa a Ma'auni

4.1 Gunki. Wannan kalma tana nufin abin da ake bauta wa, kuma tana tafe da tsafi da shirka a tunanin Bahaushe Musulmi. Amfani da ita yana tabbatar da bautar da ba a tabbatar ba. Illarsa a aikace ita ce uba ko malami zai iya ƙin kai yara su kalli abin da aka ce masa gumaka ne, manomin da garmarsa ta tono guntu kuwa ba zai ga laifin fasa shi ko sayar da shi ba.

4.2 Mutum-mutumi. Ita wannan ba ta ɗauke da ma'anar bauta, amma tana da rauni biyu. Ba duk siffofin ne na mutane ba, akwai na dabbobi. Sannan kalmar tana nufin abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsu da biri. Abin ban sha'awa, kan nan na Jama'a sai da ya yi wannan aikin a gonar doya kafin ya isa hannun Fagg.

4.3 Sassaƙa. Sassaƙa aikin gizago ne a kan itace, ragewa ake yi. Siffofin Nok kuwa ginawa aka yi, zobe a kan zobe, cikinsu fayau, da yumɓu mai haɗin tsakuwa, sannan aka fitar da ƙananan siffofin fuska aka gasa. Kalmomin magina tukwane, wato gini da yumɓu da gashi, su suka fi dacewa da su.

Bisa haka, maƙalar tana ganin "siffofin gasasshen yumɓu" shi ne sunan da ya faɗi kayan aiki da hanyar aiki, ya bar manufa a hannun bincike.

5.0 Kammalawa

Akwai kuskure na biyu da ya kamata manazarci ya kauce wa, wato mayar da mutanen Nok kakannin Hausawa don kawai an ga gero da kitso da ƙira. Tazarar ƙarnoni da rashin shaidar harshe ba su ba da wannan dama ba, ga Hausa ko ga wata al'umma. Gudummawar nazarin Hausa tana wani wuri ne. Harshen bayani a gidajen tarihin Nijeriya galibi Ingilishi ne, alhali da Hausa ɗimbin masu ziyara a Kaduna ke tattauna abin da suka gani. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su haɗa gwiwa da ma'aikatan gidan wajen tsara bayanai da Hausa, tare da tattara kalmomin magina da maƙera daga bakin masu sana'ar, domin ɗalibin da ya tsaya gaban waɗannan siffofi ya samu kalmar da za ta sa ya yi tambaya.