Babban Titin Lamu da Dalilin Rashin Gefensa

Lamu ƙaramin gari ne na Sawahilawa a kan wani tsibiri da ke arewacin gaɓar tekun Kenya. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne babban titinsa, wanda mutanen garin ke kira Usita wa Mui, wato titin gari, hukuma kuwa ta raɗa masa suna Harambee.

Wannan titi asalinsa bakin teku ne. Babbar shaida ita ce gidan tsaron garin, wanda aka gina tsakanin 1813 da 1821 dab da ruwa don ya tsare mashigar jirage. A yau yana tsakiyar gari, da fili a gabansa. Cikin ƙarni na 19, da ciniki ya haɓaka a ƙarƙashin Larabawan Oman, aka yi ta cike bakin ruwa da ƙasa, attajirai, musamman Indiyawa, suka gina kantuna da gidaje a kan sabon filin. Ta haka tsohuwar gaɓa ta sami gini dama da hagu ta zama titin kasuwa, aka kuma sami sabuwar hanya a bakin ruwa. Shi kuwa gidan tsaron, kurkuku ya zama daga 1910 har 1984.

To, me ya sa wannan titi ba shi da gefe na masu tafiya a ƙasa? Irin wannan gefe, ai tsoron ƙafar keken doki ne ya haife shi. A Faris, gadar Pont Neuf da aka gama a 1607 tana da shi. A Landan kuwa dokar shimfiɗa tituna ta 1762 ce ta yaɗa shi. Lamu ba ta san wannan tsoro ba. Jirgin ruwa ke kawo kaya, jaki ya shiga da su gari, saboda haka titin duka na mai ƙafa ne. Ƙuncinsa ma da amfani: dogayen bangayen dutsen murjani suna ba da inuwa, lungunan da ke gangarowa zuwa teku kuma suna kwashe ruwan sama.

Abin da Lamu ta gina a gefen hanya wurin zama ne. A ƙofar gida akwai rumfa da ake kira daka, da dakali na dutse mai suna baraza, inda maigida ke ganawa da baƙi ba tare da sun shiga cikin gida ba. Duk wanda ya san zaure da dakalin ƙofar gida a Kano ko Zazzau ba zai buƙaci dogon bayani ba.

Har wa yau, koma bayan arziki ya taimaka wa titin. Hanyar jirgin ƙasa da aka fara daga Mombasa a 1896 ta janye ciniki can, hana bauta a 1907 kuma ya durƙusar da gonakin attajiran garin. Ba a sami mai kuɗin rushe gidaje don faɗaɗa hanya ba. A 2001 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai ƙafar da ba ta zo da keken doki ba ta zo da babur. 'Yan acaɓa sun shiga hanyar bakin ruwa, an kuma buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa kusa da tsibirin a 2021. A titin da jakai biyu masu kaya ke wuce juna da ƙyar, babu inda za a yanka wa mai tafiya gefe sai an taɓa bango ko an fasa dakali.