Yadda Ake Mayar da Hoto Hanyar da Injin CNC Zai Bi

Injin CNC ba ya ganin hoto. Abin da ya sani layi ne, da lambobin da ke gaya masa inda zai dosa da zurfin da zai nutsa. Ga yadda za ka fitar masa da su, idan tambari kake so ka sassaƙa a katako da ƙaramin inji irin 3018.

1. Zaɓi hoto baƙi da fari, mai kaifin gefe. Hoto mai dishi-dishi wahala kawai zai jawo maka.

2. Buɗe shi a Inkscape, manhaja ce ta kyauta. Danna Trace Bitmap, za ta bi gefen zanen ta mayar da shi layuka. A nan aikin yake: ƙara girman zanen sosai, ka goge ɗige-ɗigen da suka maƙale, ka haɗe duk layin da ya yanke. Ɗigon da ka raina, inji zai je ya haƙa masa rami. Daidaita girman da milimita, kada ya wuce 300 tsawo da 180 faɗi, sannan ka ajiye shi a SVG.

3. Shigar da fayil ɗin cikin Easel ko Carbide Create. Rubuta kaurin katakon, ka zaɓi bakin yanka. Mai tsini na digiri 60 ya fi dacewa da rubutu da ƙananan kusurwoyi, shafaffe mai milimita 3.175 kuma shi ke kwashe fili. Faɗa wa manhajar ko cikin layi za a bi, ko wajensa, ko kansa. Ƙaramin inji ba ya son haɗama, don haka rabin milimita a kowane zagaye ya isa farawa.

4. Kalli gwajin da manhajar za ta nuna a allo. In ya yi, fitar da G-code, wato lambobin da injin zai bi.

5. Ɗaure katakon tamau. Sa takarda a kansa, ka riƙa sauke bakin a hankali har ta fara cijewa in ka ja ta. Nan ne sifilinka.

6. Kafin ka taɓa katako, ɗaga sifilin sama da kamar milimita 10, ka tura wa injin aikin ta manhajar Candle, inji ya yi yawonsa a iska. Idan inci da milimita sun cakuɗe, ko bakin ya nufi maɗauri, yanzu za ka gani.

Daga nan sai ka mayar da sifilin, ka sa tabaran kariya, ka fara da guntun katakon da ba za ka yi kukan asararsa ba.