Yadda Ake Haɗa Gahawa a Butar Faransa

Kowa ya san shayi. Gahawa kuwa ba kowa ya saba da ita ba. Alhazai sun sha ta a Makka da Madina. Hausawan Sudan kuma suna dafa ta a wani ɗan tulun yumɓu da ake kira jabana. Wasu kan ce mata kofi. Mu a wannan darasi gahawa za mu riƙa cewa, don kada a rikita ta da kofin da ake sha da shi.

Gahawa ƙwayar 'ya'yan wani itace ce. Asalin itacen a Habasha yake, daga can ya ƙetara zuwa Yaman. A Nijeriya ana noma ta a kan tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba, inda ake sanyi. Ƙwayar ake soyawa, a daka, sa'an nan a jiƙa a ruwan zafi. Wuyar abin ɗaya ce, watau yadda za a raba ruwan da diddiga. Ba mai son ya kurɓi abu ya ji tsaki a haƙoransa.

Don haka Turawa suka ƙera wata buta. Ana ce mata butar Faransa, domin wasu Faransawa biyu ne suka fara yi wa irinta rajista a shekarar 1852. Tasu ba ta tace sosai. A shekarar 1929 wani mutumin Italiya, Attilio Calimani, ya yi rajistar wadda ta fi ta kyau. Amma sunan Faransa ya riga ya bi ta.

Ba ta yi kama da butar alwala ba. Ta fi kama da doguwar moɗa mai murfi da mariƙi. A tsakiyar murfin akwai siririyar sandar ƙarfe. A ƙarshen sandar akwai 'yar rariya, faɗinta daidai da cikin butar. In ka danna sandar sai rariya ta sauka, ta tura diddiga ƙasa, ruwa ya tsaya a sama. Aikinta ke nan. Ba ta son lantarki, ba a kuma ɗora ta a wuta.

Kafin ka saya

Ka fara tambayar kanka wace irin gahawa kake sha. In ta gwangwani ce mai narkewa, irin Nescafé da mai shayi ke zubawa, to, riƙe kuɗinka. Wannan an riga an dafa ta a masana'anta an busar, ba ta barin diddiga, ba abin da za a tace. Butar Faransa ta mai ƙwayar gahawa ce, ko dakakkiya.

Akwai ta gilas, akwai ta ƙarfe. Ta gilas ta fi ban sha'awa, kana ganin abin da ke ciki, ta kuma fi araha. Amma gidan da akwai yara da awaki, gilas ba ya tsufa. A ganina mutumin ƙauye ya sayi ta ƙarfe marar tsatsa. In ta faɗi sai dai ta loɓa. Mai bango biyu kuma ta fi riƙe zafi, abin da za ka gode masa ran da hunturu ya busa.

Sa'an nan ka duba rariya, don ita ce ran butar. Cire murfin a gaban mai kanti. Danna sandar a hankali. In ka ji bakin rariya yana gogar bango ko'ina, ta yi. In ta zurma ƙasa da kanta, ko ka hangi kafa a gefe, mayar masa da abarsa. Ka kuma murɗa ka gani ko rariyar tana kwancewa, don wadda ba ta kwancewa ba ta wankuwa.

Girma kuwa, ƙarama ta ishi mutum ɗaya. Mai cin lita 1 ta ishi mutum uku ko huɗu.

Daka

Nan ne mutane da yawa ke ɓata abin. In ƙwayar ɗanya ce, soya ta a busasshen kasko kamar yadda ake suyar gyaɗa, ba mai. Kana yi kana juyawa, har ta yi launin ƙasa mai duhu. Kada ka bari ta yi baƙi ƙirin, ta ƙone ke nan. Baza ta a faifai ta huce.

To, sai daka. Kada ka daka ta lukui kamar garin tuwo. Ɓarza ta za ka yi, ta fito kamar tsaki. Don me? Domin gari mai laushi yana bi ta idon rariya ya shiga kofi. Wanda bai wuce ba kuma sai ya toshe rariyar, sanda ta ƙi sauka. In ka sa ƙarfi, ruwan zafi na iya tsartuwa ya ƙona ka. Bayan wannan, gari mai laushi yana sa ɗaci. In ka ga laushi ya yi yawa a dakanka, tankaɗe shi ka ɗauki tsakin.

Ka nemi ƙaramin turmi na gahawa kaɗai. Turmin da aka daka daddawa da barkono ba ya mantuwa, gahawa kuwa tana ɗaukar wari. Ka daka daidai abin da za ka sha a ranar, sauran ƙwayar ka rufe a kwalba.

Haɗawa

Ma'auninmu gwangwanin madara ne da babban cokali. Kowane gwangwani 1 na ruwa, cokali 1 na gahawa mai tozo. Lita 1 kusan gwangwani 6 ce, watau cokali 6. Mai son ta da ƙarfi ya ƙara ɗaya ko biyu.

Tafasa ruwa mai tsabta a tukunya ko a butar shayi. Ɗauraye butar Faransa da kaɗan daga ciki don ta ɗumama, ka zubar. Zuba gahawa. Ruwan kuma kada ka kwarara shi yana tafasa. Sauke shi ya huta kamar rabin minti. Sa'an nan ka zuba, ka bar wuri a sama kamar faɗin yatsu biyu. Juya sau ɗaya da cokali. Ɗora murfi, sanda tana sama, kada ka danna tukuna.

Jira minti 4. Duba agogo ko waya. In babu, ƙidaya a hankali daga 1 zuwa 240. Wanda ya yi gaggawa zai sha ruwa salam. Wanda ya tafi hira ya manta zai sha ɗaci.

Da lokaci ya cika, riƙe mariƙi da hannu ɗaya, ka danna sanda da ɗayan, sannu sannu. In ta cije, ɗaga ta kaɗan ka sake. Da ta kai ƙasa sai ka tsiyaye duka nan take, don muddin ruwa yana tare da diddiga jiƙa bai ƙare ba. Kurɓin ƙarshe na gindin kofi a bar shi, akwai ɗan laka. Mai son sukari, ko madara, ko citta, ya sa a kofinsa.

In an gama, zuba diddiga a kan taki. Kwance rariya ka wanke da sabulu, ka shanya. Gahawa tana da maiƙo, in ya kwana a rariya sai ya yi wari.

Abin da ke hana barci a goro, shi ne a cikin gahawa, ana kiransa kafin. Saboda haka a sha da safe ko da hantsi. Mace mai ciki ta rage, yara kuma ba tasu ba ce. Maiƙon nan da ke wuce rariya, likitoci sun gano yana ƙara kitsen jini ga mai sha da yawa kullum. Wanda aka ce masa yana da wannan ciwo ya tambayi likita tukuna.

Tambayoyi

1. Don me ba a daka gahawa lukui?
2. In ka auna ruwa gwangwani 4, cokali nawa za ka zuba?
3. Minti 4 daƙiƙa nawa ne?
4. Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: gahawa, rariya, tsaki, murfi, ƙwaya.