Inhela a Aljihun Mai Ita

Idan hunturu ya kankama, ƙura ta turnuƙe gari, akwai gidajen da ba a runtsawa. Yaro na zaune bisa tabarma, ƙirjinsa na kuka kamar usur, uwa na yi masa fifita tana salati. Wannan ita ce asma: hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura su tsuke, majina ta taru a ciki. Ba tarin fuka ba ce, kuma ba a ɗaukarta don an ci tuwo a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 262 a shekarar 2019.

To, jama'a, ga inda muke kuskure. Sai a sayo inhela, abin shaƙar nan, a kulle a durowar Inna, makulli a haɓar zane, Inna kuwa ta tafi gidan suna. Ciwon ba ya jiran ta dawo. Yaron da ya isa a aike shi kasuwa ya kawo canji daidai, ya isa a fara koya masa riƙon maganinsa.

A fara da bambanta masa inhela iri biyu. Shuɗiyar, wadda aka fi sani da Ventolin, ta buɗe ƙirji ce idan ya riƙe. Ɗayar, sau da yawa ruwan ƙasa, ta rigakafi ce: kullum ake shaƙa yadda likita ya tsara, ko da lafiya garau, sannan a kurkure baki. Ita yara suka fi yasarwa, don ba sa jin aikinta nan take. Maganar wai wanda ya fara inhela ya kamu ke nan, zancen bakin rijiya ne.

Sai kuma ya san abokan gabarsa da kansa. Wani hayaƙin icen girki ne, wani turaren wuta, wani maganin sauro na kunnawa ko hayaƙin janareta. Uba ya taka har makaranta ya ce, "Malam, a ɗauke wa wannan shara, a ba shi wani aikin." Ba a ce a hana shi ƙwallo ba.

Samari da 'yammata kunya ke cutarsu. Budurwa ta gwammace ta yi ta haki a aji da a ga ta fito da inhela, saurayi kuma ya bi abokai wurin shisha. Faɗa ba ya magani a nan, sai hira cikin natsuwa.

Ranar da ciwon ya taso, yaron ya zauna a miƙe, kada a kwantar da shi. Ya girgiza shuɗiyar, ya shaƙi fesa ɗaya, a dakata kamar minti guda, a ƙara, har zuwa goma. In ya kasa haɗa magana, ko aka ga fata na lotsawa tsakanin haƙarƙarinsa, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne, inhelar na hannunsa.