Jirgin Ruwa Ba Shi da Birki

Akwai wani wasa da ake yi a tekunan Amurka da Ingila da Italiya da Dubai wanda ya kamata a san ƙa'idodinsa tun kafin a je kallonsa. Wasan nan shi ne tseren jiragen ruwa masu inji a buɗaɗɗen teku, inda babu tudun da zai tare iska, babu abin da zai kwantar da igiyar ruwa. Mutanenmu sun yawaita tafiya yanzu, na fatauci da na karatu da na yawon buɗe ido, baƙo kuwa ba ya raina kallo. Wata rana abokin arziki zai ce maka, "Taso mu shiga jirgina mu matsa kusa, ai can ne kallo yake." To, kafin ka sa ƙafa, ga abin da ya kamata ka sani.

An fara salon zamani na wannan tsere a 1956, daga Miami ta Amurka zuwa Nassau ta tsibiran Bahamas. A 1961 Sir Max Aitken ya kafa irinsa a Ingila, daga Cowes zuwa Torquay, har yanzu kuwa ana yin sa. Hukumar duniya mai tsara dokokinsa, watau UIM, tana zaune a Monako.

Manyan jiragen tseren, waɗanda ake kira Aji na Ɗaya, tsawonsu ya kai mita 12 ko fiye. Ƙirarsu kamar an haɗa siraran kwalekwale biyu ne an yi musu rufi ɗaya, iska na shiga ta tsakaninsu tana ɗaga jirgin, har ya zama kusan farfela kaɗai ke cikin ruwa. Mutum biyu ne a ciki: ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗaya na riƙe da totur. Shi mai totur aikinsa ba wuta da rage ta, duk sa'ad da jirgin ya tashi sama daga kan igiyar ruwa ya sassauta, in ya dira ya ƙara. Gudunsu kan wuce kilomita 250 a awa. Ka tsaya ka lissafa da kanka: wajen mita 70 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka gama yin sallama jirgin ya ratsa filin ƙwallo daga wannan raga zuwa waccan. Kuma ba shi da birki. Akasarin jiragen ruwa ma ba su da shi. Iyakar abin da mai totur zai yi shi ne ya janye wuta, ya bar wa ruwa ya ci ƙarfin gudun, in kuwa ya janye farat ɗaya ko matuƙi ya karya kan jirgin da gaggawa, sai su kife. Ga shi kuma tagar da suke leƙe ta ciki 'yar ƙarama ce, feshin ruwa na dukanta, jirgi na tsalle. Ƙaramin kwalekwale da ya ɓullo a gabansu, sau da yawa ba za su gan shi ba sai an riga an makara.

Su 'yan tseren sun san abin da suka sa kansu, kuma an yi musu sulke bayan an sha wuya. Da a buɗe suke tuƙi, wasu ma a tsaye. Ran 3 ga Oktoba 1990, Stefano Casiraghi, mijin Gimbiya Caroline ta Monako, yana kare kambinsa na zakaran duniya a kusa da gida, jirginsa ya kife ya mutu yana ɗan shekara 30. Daga nan aka ƙara matsa wa masu manyan jirage su rufe ɗakin tuƙi da murfi mai ƙarfi, irin wanda aka fara arowa daga jirgin yaƙi na F-16. Yau ɗan tsere na zaune ɗaure da ɗamara, da hular kwano, da tulun iskar shaƙa a gefensa, da wata ƙofa a ƙasan jirgin wadda zai fita ta cikinta in an kife. Ba a ba shi izinin shiga tsere sai ya ci jarrabawar nutso: a ɗaure shi cikin akwati mai kama da ɗakin tuƙi, a kife akwatin a wurin ninƙaya, kansa ƙasa ƙafafunsa sama, ruwa na cika masa hanci. A haka zai lalubo bututun iska ya sa a baki, ya zare sitiyari, ya kwance ɗamara, ya buɗe ƙofa ya fito. A ranar tsere kuma jirage masu saukar ungulu na shawagi a sama ɗauke da gwanayen nutso. Duk da wannan, mutum biyu sun mutu a Dubai a Disamba 2009, uku kuma sun mutu cikin mako ɗaya a Key West a Nuwamba 2011.

To, in mai sulke na mutuwa, ina ga ɗan kallo da ya fito da gajeren wando da kwandon abinci da 'ya'yansa? Shi ba murfi, ba ɗamara, ba tulun iska. Abu ɗaya ne kariyarsa, watau tazara. Wannan ne ya sa a wurare da yawa da ake tseren ake raba ruwa kashi uku: fagen tsere, da wurin 'yan kallo, da wani yanki a tsakani wanda ake bari wayam, mu kira shi ruwan shamaki. Wanda bai sani ba sai ya ga kamar ɓarnar wuri ce, ga ruwa fetal an hana kowa. Amma nan ne jirgin da sitiyarinsa ya ƙwace zai yi ta zamewa har ƙarfinsa ya ƙare, nan ne tarkacen wanda ya tarwatse za su zuba. Ruwan shamaki shi ne birkin da jirgi ba shi da shi, wanda ya shiga cikinsa kuwa ya tsaya ne a inda aka ware domin hatsari.

Mu ɗauki Key West, wani ɗan tsibiri a can ƙarshen jihar Fulorida, mil 90 daga Kuba, inda ake gasar zakarun duniya a watan Nuwamba. Fagen yana kutsawa har cikin tashar jiragen garin, jama'a na kallo daga bakin ruwa na Truman da gaɓar tsohuwar ganuwar Fort Zachary Taylor, wasu kuma daga jiragensu. A Amurka ba a tashi haka kawai a shirya irin wannan taro. Masu shiryawa sai sun nemi izinin Rundunar Tsaron Gaɓar Teku kwana 135 kafin ranar, ko kwana 60 in taron na shekara-shekara ne kuma bai canza ba. Rundunar ce ke shata iyakoki ta buga su cikin sanarwar da take fitar wa matuƙa, ta kuma naɗa Kwamandan Sintiri. A ranar, maganar wannan kwamanda ita ce doka a kan ruwan. Yana da ikon hana kowane jirgi motsi, yana da ikon tsai da tseren ɗungurungum. Ana samun sa ta rediyon jirgi a tasha ta 16, wadda ita ce tashar kiran gaggawa a tekunan duniya, saboda haka ba wurin hira ba ce, ba kuma wurin tambayar wa ke kan gaba ba. In ka ji jirgin sintiri yana busa ƙaho gajeru-gajeru a jere, da kai yake: ka tsaya cik ka saurari umarni. Wanda ya ƙi, ana iya korarsa daga wurin a kuma ci shi tara.

Akwai laifin da ɗan kallo kan yi ba tare da ya taka iyaka ba, kuma a ganina shi ya fi kowanne wuyar fahimtarwa, don mai yin sa ba ya ganin ya yi komai. Kowane jirgi in yana tafiya yana barin igiyar ruwa a bayansa, igiyar nan kuwa ba ta san shamaki ba, tafiya take har inda ƙarfinta ya kai. Ka ji labarin Didier Pironi, Bafaranshe, tsohon matuƙin motar tsere ta Ferrari, wanda ya koma tseren ruwa bayan ya ragargaje ƙafafunsa a Jamus a 1982. Ran 23 ga Agusta 1987 yana tsere a kusa da tsibirin Wight na Ingila cikin jirginsa Colibri, sai ya hau igiyar da wata tankar mai ta bari. Tankar ba ta taɓa shi ba, tafiyarta kawai take. Jirgin ya tashi ya kife, shi da abokan tuƙinsa biyu suka mutu nan take. Igiyar da za ta ɗan girgiza kwalekwalen masunci, ga mai gudun nan tamkar tudun da aka gina ne a tsakiyar titi. Saboda haka aka ce ɗan kallo a kusa da fage ya yi tafiyar hawainiya, irin wadda ba ta tada ruwa, in kuma ya sami wurinsa ya zauna har a tashi.

Zaman ma da iliminsa. A ce ga magidanci ya iso da wuri, ya sami gefe mai kyau, ya jefa anka, ya kashe inji, aka buɗe kwandon abinci. Zurfin wurin mita 4 ne, shi kuwa ya saki igiya mita 6 kacal, don kada ya yi nisa da layin gaba. Masana sun ce a saki ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa, don igiyar ta kwanta ankar ta ciji ƙasa. Tasa a tsaye take, sai ankar ta riƙa jan ciki a kan yashi. Ruwa ya juya, iska ta ƙaru, idon kowa na kan jirage masu ruri, jirginsa kuwa na sulalewa kaɗan-kaɗan zuwa ruwan shamaki ba wanda ya lura. Maganin wannan ba wuya. Da ka jefa anka, ka zaɓi abu biyu a tudu da suka daidaita, ɗaya a bayan ɗaya, kamar bishiya da kusurwar wani gini. Jifa-jifa ka waiwaya ka duba. In sun rabu, to ba su ne suka motsa ba. Ka kuma sa mutum ɗaya wanda ba kallon tsere ne aikinsa ba, kallon ruwa ne, don dokokin hana karo a teku na 1972 sun wajabta wa kowane jirgi mai gadi a kowane lokaci. Kada kuma a jefa anka a mashigin da manyan jirage ke bi, ko a toshe hanyar da jirgin ceto zai fitar da wanda ya ji rauni.

Wanda ya taɓa zuwa Rigata a Yawuri ko tseren kwalekwale a Argungu ya san halin ɗan kallo: da an ce "ga su nan!" sai kowa ya ruga gefe ɗaya. A tudu ba komai, a ƙaramin jirgi kuwa nan ne ake kifewa. A Amurka ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba suna ɗauke da ɗan allo mai faɗin adadin mutane da nauyin da za su iya ɗauka, ranar biki kuwa ita ce ranar da ake jin kunyar cewa wani ya sauka. A daure a faɗa. Kowa ya sami rigar ceto daidai jikinsa, yaran da ba su kai shekara 13 ba kuma doka ta ce su sa ta muddin jirgi na tafiya. Ni dai da babba da yaro duk na fi so in gan ta a jiki, don rigar da ke ƙarƙashin kujera ba ta ceci kowa ba. Ba a shiga ruwa wanka lokacin tsere, ba a barin yara su zauna a bayan jirgi kusa da salansa in inji ko janareta na aiki, don hayaƙin na ɗauke da iskar guba marar wari mai sumar da mutum ya faɗa ruwa. Matuƙi mai maye kuwa hukuncinsa kamar na direban mota ne.

Sai igiyar kashe inji, 'yar jan igiyar nan mai lanƙwasa da matuƙi ke ɗaurawa a ƙafa ko a rigarsa, wadda in ya faɗi za ta fizge makunni inji ya mutu. A Mayu 2013, a Padstow ta Ingila, wani jirgi mai gudu ya watsar da iyali mutum shida cikin ruwa, ba wanda ya ɗaura igiyar. Jirgin ya yi ta kewayawa shi kaɗai yana bi ta kansu da farfela, uban da 'yarsa mai shekara 8 suka mutu. Tun Afrilu 2021 dokar Amurka ta tilasta ɗaura ta a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba in suna gudu. Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ɗaura igiyar nan ba ya cin daƙiƙa biyar.

In aka yi hatsari a fage za ka ga an ɗaga jar tuta, tsere ya tsaya. Zuciya za ta ce ka kunna inji ka kai agaji. Kada ka je. Akwai masu nutso a ƙarƙashin ruwa suna fama da ƙofa, farfelarka na iya sare su, igiyar ruwanka na iya jijjiga jirgin da suke ƙoƙarin shiga. Wani lokaci ma ba hatsari ba ne ya tsai da wasan. A Fulorida ana sa masu duba ruwa daga sama, in suka hango kunkurun teku ko ayu a fage sai a dakata har dabbar ta fice. I, ayun nan dai, ɗan'uwan na Binuwai da Kwara. Jirage masu tsadar gaske su yi ta zagaye a hankali suna jiran ya gama kiwonsa.

Sa'ad da aka tashi ba ƙaramar sa'a ba ce. Ɗaruruwan jirage na ɗaga anka lokaci ɗaya, rana ta gasa kowa, ga gajiya, ga samari da kallon gudu ya shiga jininsu kowa na jin shi ma ɗan tsere ne. Fage bai buɗe ba don jirgin farko ya ci, akwai na baya, akwai waɗanda suka lalace ana janye su. Ka jira sai Kwamandan Sintiri ya sanar an buɗe, ka ƙirga mutanenka, ka bar masu gaggawa su wuce, sa'an nan ka bi a hankali ta hannun dama na mashigi. In magariba ta riske ka a hanya ka kunna fitilun tafiya: ja a hagu, kore a dama, fari a baya.