Zoben Roba da Ke Ƙarƙashin Murfi

'Ya'yana masu koyon gyara a rumfunan Yelwa, da ku da ke fita su da dare ta wajen Wara da Shanga, ku matso mu yi magana a kan sauya batir.

Masu tseren keke a Turai da Amurka suna da wata na'ura a cibiyar ƙafar baya, irin ta PowerTap, mai auna ƙarfin da mahayi ke zubawa a feda. Tana da tsada ƙwarai, amma ɗan batir mai faɗin kwabo, CR2032, shi ke tafiyar da wasu irinta. Abin da masu ita suka fi kiyayewa shi ne siririn zoben roba da ke ƙarƙashin murfin. In ya karkace wajen rufewa, ruwa ya samu hanya, shi ke nan.

To, tocilar masunci ma haka take. Tun da aka tare ruwan Kainji a 1968, rayuwarmu a bakin tafki take, kayanmu kullum cikin raɓa da feshin ruwa. Kada ku buɗe tocila a cikin kwale-kwale da jiƙaƙƙen hannu. Ku bari sai kun hau tudu. In kun ga farin gari ya daskare a kan sifirin, tsohon batir ne ya yi yoyo. Ku kankare shi har ƙarfen ya fito fes. Sannan ku ciro zoben a hankali da farce, ban da wuƙa, ku share yashin da ya maƙale, ku duba ko ya tsage, ku shafa masa ɗan giris kaɗan, ku mayar da shi ya zauna daidai cikin raminsa. Murfin kuwa da hannu ake ɗaure shi. Mai sa filaya gaggawa ce ke cinsa.

Kada ku haɗa sabon batirin Tiger Head da tsoho don tsimi. Tsohon ne zai fara yoyo ya ci muku tocilar. Batirin da ya mutu kuma kada a wurga shi ruwa, kifin da muke ci a nan yake kiwo.

Ƙananan nan masu kama da kwabo su ne suka fi tayar mini da hankali. In yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale masa, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙoshi. Kada a tsaya jiƙo, kada a sa shi amai. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take.