Marsandi S-Class: Fasalinta da Sunayen Sassanta a Hausa

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, wannan maƙala za ta dubi babbar motar alfarma ta kamfanin Mercedes-Benz, wato S-Class, da yadda Hausar Gombe ke kiran sassanta. Ni da Hausa ta zamo mini harshe na biyu, na lura cewa mota makaranta ce ta ginin kalma.

Fasalin Motar

Harafin S ya fito ne daga kalmar Jamusanci mai nufin "aji na musamman". An fara kiran motar da wannan suna a 1972, kuma ana ƙera ta a Sindelfingen, kusa da Stuttgart a Jamus. Doguwa ce mai ƙofa huɗu, an faɗaɗa gidan baya domin maigida ya miƙe ƙafa direba na tuƙi. A 1978 aka sa mata birkin ABS, mai hana taya cijewa idan an taka birki da ƙarfi. A 1981 ta samu jakar iska a cikin sitiyari. Samfurin 1991 kuwa ya zo da gilashi mai ruɓi biyu, saboda kada ƙarar waje ta dami na ciki.

Hanyoyin Samar da Suna

Idan muka saurari direbobi da makanikai a Jekadafari ko Pantami, za mu ji hanyoyi uku:

1. Aro. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai ta saƙala wasali: birki, gilashi, sitiyari. Sunan motar ma an hausantar da shi, ya koma Marsandi.

2. Faɗaɗa ma'ana. Taya ta zama "ƙafa", wurin zama ya zama "gidan gaba" da "gidan baya".

3. Ƙirƙira. A nan ake haɗa kalmomi su bayyana aikin abu, kamar "jakar iska".

Inda gizo ke saƙar shi ne, sababbin na'urori irin ABS sun shigo da haruffansu kawai, ba su gaya wa direba komai. Idan birkin nan ya kama aiki, mai tuƙi zai ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗage ƙafa, alhali abin da ake so shi ne ya ci gaba da takawa. Haka kuma jakar iska tana iya raunata wanda bai ɗaura bel ba.

Kammalawa

A ganina, "birki mai hana cijewa" ya fi ABS amfani ga direba, domin sunan da kansa darasi ne. Waɗannan na'urori sun daɗe da sauka daga motocin manya zuwa na haya. Saboda haka ina kira gare mu da mu shiga garejin makanikai da biro da takarda, mu tattara kalmomin da ke akwai, mu ba da shawara a kan waɗanda babu.